Daga Damagaram Zuwa Agadas Ta Sama: Kilomita Nawa, Minti Nawa?

Tambaya: "Baba, na samu aiki da wata ƙungiyar agaji, za su tura ni Agadas daga nan Zinder, kuma ban taɓa shiga jirgin sama ba. Na duba intanet, wani shafi ya ce nisan 370 ne, wani ya ce 230, wani 200, direban kar kuma ya rantse mini 450 ne. Har wani shafin ya ce minti 28 kawai za mu yi a sama. Ina da taro ƙarfe 11 na safe a ranar da zan isa. Wanne zan kama?"

Ɗana, Allah ya sanya albarka a aikin, ya kai ka lafiya. Na yi shekaru ina shirya wa matuƙa takardun tafiya a ƙananan filayenmu, har da na nan Damagaram, don haka tambayarka ta zo gida. A taƙaice: daga filin jirgin Zinder zuwa na Agadas kilomita 370 ne a miƙe. In jirgin mai farfela biyu ne, ka sa awa ɗaya a lissafinka. In ƙarami ne mai farfela ɗaya, awa ɗaya da rabi. Minti 28 kuwa ka cire shi daga ranka, babu jirgin fasinja da zai yi maka shi. Batun taron ƙarfe 11 zan zo kansa, domin shi ya fi damuna.

Cikin lambobi huɗun da ka samo babu na ƙarya, ma'auni ne ya bambanta, kamar a auna hatsi ɗaya da tiya, a sake auna shi da mudu. 370 kilomita ne. 230 mil ne irin na Ingila da Amurka, wanda ɗaya yake daidai da mita 1,609. 200 kuwa mil na teku ne, mai mita 1,852, kuma da shi matuƙa da ma'aikatan hasumiya suke magana a mafi yawan ƙasashen duniya. Ka buga 200 sau 1,852 za ka ga ka dawo kan 370 ɗinka. Kana ma iya gwada nisan da kanka. Filin Zinder yana wajen digiri 13.8 arewa, na Agadas yana dab da digiri 17. Kowane digiri ɗaya zuwa arewa kilomita 111 ne, to digiri uku da ɗoriya sun ba ka kusan 354. Agadas kuma ta ɗan karkata yamma da kusan digiri guda, wanda a yankinmu wajen kilomita 105 ne. In ka haɗa su da lissafin kusurwa irin na makaranta, 370 ne zai fito. Idan za ka sake nema a intanet, ka rubuta ZND don Zinder, AJY don filin Mano Dayak na Agadas, kada na'ura ta auna maka daga tsakiyar gari ko ta kai ka wani wuri mai kama da sunan. A takardunmu na aiki DRZR da DRZA muke rubutawa.

Direban ma ya yi gaskiya. Hanyar mota ba ta bin igiya. Tana miƙewa arewa har Tanut, sannan ta karya yamma zuwa Adarbisanat, daga nan ta sake fuskantar arewa ta sauka Agadas. Wannan lanƙwasar ce ta ƙara kusan kilomita 80. Jirgi yana barin Tanut ta hannun damansa, ya tsallaka hanyar a can gaba, ya bar Adarbisanat nesa ta hagu.

Yanzu minti 28. Shafin ya ɗauki 370 ne ya raba da gudun babban jirgi mai tsallaka ƙasashe, wajen kilomita 800 a awa. Lissafin daidai ne a allo, amma a sama ba ya aiki, saboda dalilai biyu. Irin waɗannan jiragen ba su ne ke zirga-zirga tsakanin garuruwanmu ba. Kuma ko da su ne, jirgi ba ya barin ƙasa da cikakken gudunsa, ba ya kuma sauka da shi. Ko Boeing 737 ka kawo, kafin ya gama hawa lokacin gangarowa ya yi, sai ya ci minti 35 zuwa 40.

Jiragen da aka saba gani a nan masu farfela ne. Fokker 50, irin wanda Niger Airlines ya fara aiki da shi, da Dash 8, da ATR, da Beechcraft 1900 mai kujera 19, duk gudunsu yana kewayen kilomita 500 a awa idan sun daidaita a sama. Bari in bi ka da tafiyar mataki-mataki yadda nake zana ta a takarda. Daga ɗaga taya zuwa kaiwa tsayin ƙafa 16,000 ko 18,000 ana cin minti 12 zuwa 15, kuma a hawan jirgi ba ya sauri, domin ƙarfin injin yana tafiya ne wajen ɗaga nauyi. A lokacin bai ci fiye da kilomita 80 ba. Sai ya daidaita ya yi cikakken gudu na minti 20 da 'yan kai. Sannan gangara. Matuƙa suna da ƙa'ida mai sauƙi: kowace ƙafa 1,000 da za a sauke tana buƙatar mil uku na teku. Daga ƙafa 18,000 ke nan tun ana saura kilomita 90 ko fiye a isa za ka ji sautin inji ya lafa, kunnenka ya fara toshewa. Ka haɗiye yawu ko ka yi hamma, zai buɗe. A ƙarshe sai zagayen da zai yi don ya daidaita da titin sauka, ya fuskanci iska, minti uku ko biyar. Jimla, minti 50 zuwa 55 tsakanin barin ƙasa da taɓa ƙasa.

Lokacin da ake rubutawa a tikiti ya fi wannan, domin ba daga tashi ake fara ƙirga shi ba. Ana farawa ne daga sa'ad da aka janye katakon da ke tare taya, a rufe shi sa'ad da aka mayar da katakon a can. A ƙananan filaye galibi babu wata hanya a gefen titin jirgi, sai jirgin ya bi titin da kansa har ƙarshe, ya juyo, ya tsaya ya gwada injinansa. Minti biyar nan, minti biyar can. Shi ya sa na ce maka awa ɗaya.

In kuwa Cessna Caravan aka ba ku, mai inji ɗaya a hanci da fasinja tara zuwa goma sha biyu, gudunsa wajen kilomita 300 ne a awa. Ba a matse iskar cikinsa kamar na manya, don haka ba ya yawan wuce ƙafa 10,000. Minti 80 zuwa 85 a sama, awa ɗaya da rabi duka-duka. Ni dai ina son wannan jirgin, kuma ina yi wa mai tafiyar farko fatan ya same shi ranar da gari ya washe. Ƙasa-ƙasa yake bi, kana ganin komai. Da kun ɗaga za ka ga duwatsun Birni kamar an zube ƙwai, can gaba kaɗan matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011, sai gonakin Damargu, sai gonakin su yi ta raguwa har su ƙare, ya zama rijiyoyi ne kawai da sawun dabbobi ya kewaye su kamar zanen tauraro. Kusa da isa za ku ratsa gangaren Tigidit, duwatsun Abzin su bayyana shuɗi-shuɗi a gaba, kuma in ka sa ido za ka tsinci hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 a tsakiyar jan gari. Sai dai in tafiyar ta kai tsakar rana zai girgiza ku sosai, saboda zafin ƙasa yana tura iska sama gunduwa-gunduwa. Ba haɗari ba ne. Ka ɗaure bel, kada ka cika ciki da fura kafin shiga.

Wani abu da zai ba ka mamaki shi ne zuwa da dawowa ba sa zama daidai. Jirgi a cikin iska yake iyo, kuma iskar ita ma tafiya take. Ɗauki Caravan ɗin. Babu iska, 370 a gudun 300 minti 74 ne. In iska mai gudun kilomita 40 ta tare shi ta gaba, gudunsa a kan ƙasa ya koma 260, minti 85 ke nan. A dawowa ta tura shi ta baya, 340, minti 65. Ka lura, ya yi asarar 11 a zuwa amma 9 kawai ya maido, domin ya fi daɗewa a cikin iskar da ke cutarsa. Mai gudun 500 bai cika ji ba, minti huɗu ne ko ƙasa da haka. A hunturu iskar ƙasa-ƙasa daga arewa maso gabas take zuwa, ku kuma kuna fuskantar arewa da ɗan karkata yamma, digiri 343 a kamfas, don haka rabinta tarewa take, rabinta turi ta gefen dama. Da damina kuma akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara daga gabas a tsayin kilomita uku zuwa huɗu. Mai zuwa Agadas ta gefe take bugunsa, amma mai zuwa Difa ita yake turewa da ƙirji, mai zuwa Maraɗi ko Yamai kuma ita ke ɗauke da shi. Ko tsayin da za a bi ba ɗaya ba ne: jirgin da kansa ya karkata yamma yana bin ƙafa 14,000 ko 16,000 ko 18,000, mai karkata gabas yana bin 15,000 ko 17,000, don kada mai zuwa da mai dawowa su haɗu a tsayi ɗaya.

Duk wannan 'yan mintoci ne. Abin da ke cin awoyi, har ya ci kwanaki, hazo ne. Ƙurar da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris mafi yawanta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa, kuma Damagaram tana kan bakin hanyarta. Mai tuƙi da ido yana buƙatar ya ga aƙalla kilomita biyar a gabansa. Mai tuƙi da na'ura yana iya saukowa da ƙasa da haka, amma shi ma akwai tsayin da in ya kai bai ga titi ba, doka ta ce ya ƙara wuta ya koma sama. Ranar hazo mai kauri ganin ido yana faɗuwa ƙasa da mita 1,000.

Ba na manta wata safiyar Janairu. 'Yan meteyo, wato masu duba yanayi, suna da alamomi da suka san nisan kowace daga ofis: wata bishiya, wani gini, tankin ruwa. Ƙarfe bakwai muna ganin tankin. Kafin takwas da rabi ya ɓace, sai bishiyar ita ma ta zama inuwa. Rana ta koma kamar farin faranti, kana kallonta ido ba ya zafi. Ƙura ta kwanta a kan takardar da nake rubutu har alƙalami yana ƙin kamawa. Jirgin da muke jira ya iso kanmu, muna jin ƙararsa sarai, ya sauko, ƙarar ta yi ƙarfi kamar zai taɓa rufi, sai muka ji ya ƙara wuta ya ɗaga. Ya sake gwadawa, haka. Ba wanda ya ga ko fiffikensa. Matuƙin ya faɗa wa hasumiya cewa ya juya. Akwai wani bawan Allah cikin fasinjoji, da babbar riga da jaka a hannu, ya zo ya tsaya a kaina yana faɗa, wai ga jirgi yana ji da kunnensa, don me ba zai sauka ba, shi yana da ɗaurin aure. Na ja shi bakin ƙofa na nuna masa inda titin yake, na ce Alhaji, nuna mini shi. Ya duba ya duba, bai ga komai ba sai fari. Na ce to wancan yana zuwa ne da gudun kilomita 200 a awa, da rayuka a bayansa. Har gobe ina ganin girman matuƙin nan, kuma ina roƙonka, ɗana, kada ka taɓa shiga sahun masu matsa wa matuƙi lamba.

Juyawar nan tana da nata lissafin, kuma a nan ne ƙasarmu ta bambanta da ƙasashen da filayensu ke kusa da juna. Doka ta wajabta wa jirgi ya ɗauki man da zai kai shi inda za shi, da wanda zai kai shi wani filin in saukar ta gagara, da ƙarin na minti 30 da ba a taɓawa sai ran wuya. To in Agadas ta rufe, ina za shi? Tawa tana nesa da ita da kusan kilomita 370, daidai da komowa Zinder. Ke nan tafiyar 370 tana iya buƙatar man 740 da ɗoriya. Mai kuwa nauyi ne, kuma duk kilon da ya ci an rage shi ne daga kaya ko fasinja.

A bazara zafi ke ƙara tsuke lissafin. Filin Zinder yana kan tsayin mita 460 daga teku, wajen ƙafa 1,500, na Agadas ya ɗan haura mita 500. Iska mai zafi sakayau take, fiffike ba ya samun abin riƙewa sosai, inji ma ba ya ƙoshi. Ranar Afrilu da ma'auni ya nuna 43, jirgi yana ji ne kamar daga kan dutse mai ƙafa 5,000 yake tashi. Yana buƙatar doguwar tsere kafin ya ɗaga, yana kuma hawa a hankali. Titin Agadas mita 3,000 ne, yana da yalwa. Na Zinder, a shekarun da na yi aiki, mita 1,800 ne da 'yan kai. Saboda haka in ka ga an ɗora ka a sikeli kai da jakarka, ko an ce buhun kilishi da dakuwar da za ka kai tsaraba ya jira jirgin gaba, ba wulaƙanci ba ne. Na sha sauke kayan mutanen da nake jin kunyarsu. Kuma dalilin ke nan da ake son tashin sassafe.

Damina nata salon daban. Hadarinmu yakan jeru ne layi guda daga arewa zuwa kudu, ya taho daga gabas da jan bango na ƙura a gabansa, galibi da la'asar ko da dare. Ba a ratsa shi. Ko a jira ya wuce, ko a kewaye shi, kewayen ya ƙara minti 10 ko 20. Alherinsa shi ne ba ya zama, awa ɗaya ko biyu ya yi gaba. Hazo ne ke sauka kamar baƙon da bai faɗi ranar tafiya ba.

Akwai tambayar da ya kamata ka yi wa ofishinku tun yau: jirgin kai tsaye zai je, ko zagaye yake? Jiragen cikin gida, har da na UNHAS da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanarwa don ma'aikatan agaji, galibi a Yamai suke kwana, su fito su bi garuruwa su koma. In ranar zagayen ya bi Zinder sannan Agadas, ka dace. In ya fara da Agadas ne, to kana iya samun kanka a Yamai ka kwana. Zinder zuwa Yamai kilomita 735 ne a miƙe, Yamai zuwa Agadas ma kusan haka, jimla 1,470, ninki huɗu na abin da ka nema. Kuma kowace tsayawa a hanya, ko Maraɗi ko Tawa, ka ƙara mata minti 30 zuwa 45 a ƙasa, ban da sauka da sake hawa. Haka nan jirgin da zai ɗauke ka sai ya fara isowa daga wani wuri. In hazo ya tsare shi a Yamai, kai kana nan zaune ko da samaniyar Zinder tas take. Ka kuma tabbatar lokacin da aka ba ka na agogonmu ne. Takardun aikin jirgi da agogon GMT ake rubuta su, mu kuwa muna gabansa da awa ɗaya. In ka ga 0700 a irin wannan takarda, ƙarfe takwas ne a Damagaram.

Wani zai ce to me ya sa ba za a bi mota a huta ba. Ya danganta da gari. Zuwa Maraɗi, kilomita 200 ne ta sama, wajen 240 ta kwalta. Jirgi rabin awa ne, amma in ka haɗa da zuwa fili da wuri da jiran kaya, mai mota da ya fita tare da kai ba za ka bar shi da nisa ba. Can ni mota nake ba mutum shawara. Agadas dabam ce. Kilomita 450 na hanyar Tanut, da shingayen bincikenta, wuni ne cur, ka isa jiki duk ya mutu. Tunda an ba ka kujera, ka hau.

To ga lissafin ranarka. A ce tashi ƙarfe tara ne. Za su nemi ka iso fili aƙalla awa ɗaya kafin nan, wasu ma fiye, don haka tun bakwai da rabi ka bar gida, ko daga Zango kake ko Sabon Gari, filin ba shi da nisa da gari. In komai ya tafi daidai kuna ƙasa a Agadas ƙarfe goma, ko goma da rabi in ƙaramin jirgi ne. Sauke kaya da duba takardu minti 20. Filin yana manne da gari, minti 10 ya kai ka ofis. Ka ga ko a ranar da babu ƙura, babu hadari, jirgi bai makara ba, in ƙaramin jirgi ne da kyar za ka shiga taron kana haki. In tafiyar ta faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu kuwa, ban yarda ka ɗora aikinka na farko a kan wannan ba. Ka je wurin shugabanka ka nemi a sa ka a jirgin da ya riga ranar taron, ko kwana biyu ne ka yi su a Agadas. In babu, ka roƙi a mayar da taron bayan la'asar, ka kuma karɓi lambar wanda zai tarbe ka don ka sanar da shi da zarar kun ga jirgin ya sauka a nan.

Katinka na ɗan ƙasa da takardar aikin su kasance a aljihun gaba, ba cikin jakar da za a sa a bayan jirgi ba. Magani da caja da kaya kala ɗaya ka riƙe a hannu, saboda ranar da aka rage nauyi babbar jaka ce ke kwana. Ka ɗauki rawani ko rigar sanyi, safiyar Agadas a hunturu ta fi tamu cizo. In an bar ku ku zaɓi kujera, zauna ta dama ka ga Tanut.